Muryar Kotso a Tsohon Kaset

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel kafin zuwan wayar hannu, da wuya a ce ya taɓa ganin manyan makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da idonsa. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamansa a Isa yana yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, Musa Ɗanƙwairo kuwa mutumin Bakura ne. Mu a Lautai ta kunne muka san su. Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, shi ya riƙa kawo mana muryoyinsu, sannan kaset ya zo ya zaunar da su a shagunan teloli da teburan masu shayi, daga Gumel zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar. Saboda haka, idan na ce ina son waƙar wane, a gaskiya wata ɗauka guda nake nufi, wadda aka yi a wata rana, da wata na'ura, ta kuma biyo wata hanya kafin ta iso gare ni. Wannan hanya tana da tasiri a kan abin da muke kira matanin waƙa, kuma ina ganin mu manazarta ba mu ba ta haƙƙinta ba.

Kaset-kaset ɗin da nake da su na gaje su ne daga kawuna, tela ne a cikin garin Gumel. Wasu ya ɗauke su da kansa daga rediyo da dare, lokacin da tasha ta fi fitowa sarai. Mafi yawansu kuwa a kasuwar Maigatari ya saye su, wadda ke ci ranar Alhamis, inda fataken shanu na Nijeriya da Nijar ke haɗuwa. Ta nan ne waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram suka shigo mana, ta nan kuma na Shata suka riƙa ƙetare iyaka. Mai sayar da kaset a kasuwa yana da uwar kaset guda, daga ita yake kwafa wa jama'a, ita ma uwar kwafi ce ta wata. Kowane kwafi yana ƙara shuu, yana kuma rage kaifin sauti. Kafin waƙa ta iso hannun tela a Gumel, wataƙila ta zama jika ko tattaɓa-kunnen ɗaukar farko.

A cikinsu babu wadda na fi ƙauna kamar Bakandamiyar Narambaɗa. Sautinta ƙuntatacce ne, kamar mutum na sauraro ta ƙofar zaure. Muryar jagora tana gaba, 'yan amshi suna can baya a dunƙule, kotso kuwa bugunsa ake ji fiye da zaƙinsa. Duk da haka akwai abin da ɗaukar ta tsare wanda ba na musanya shi da komai: numfashin Narambaɗa, da yadda yake jinkirta kalma har sai ka zaci ta kuɓuce wa kiɗa, sannan ya dire ta daidai inda 'yan amshi za su karɓa. Wanda ya karanta waƙar a takarda zai ga hikimar zance da zurfin kirari. Wannan jinkiri kuwa kunne kaɗai ke kama shi, kuma a nan rabin gwanintar take.

Ta biyu ita ce wata ɗauka ta Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da aka yi a bainar jama'a. Ana jin sanƙira yana kirari, ana jin guɗa daga nesa, wani lokaci hayaniyar taro takan rufe rabin ɗango. Mai neman tsabtar sauti zai ce ɗaukar ta lalace. Ni kuwa a cikinta na fahimci dalilin da ya sa makaɗi ke maimaita ɗa guda sau biyu ko uku: wani babba ne ya shigo, ko an yi kyauta ana shelanta ta, makaɗin yana jiran fili ya lafa. Ɗaukar ɗakin rediyo tana fito da karɓeɓeniyar Ɗanƙwairo da yaransa tsaf, kowace murya a wurinta, amma ba ta nuna wa mai sauraro abin da ke tura waƙar. Kowace daga cikin ɗaukar nan biyu tana da irin gaskiyar da take riƙe da ita.

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fi su samun gatan na'ura. Kamfanin EMI ya buga masa faya-fayai, kuma a kan faifai mai lafiya ana rarrabe uwar kalangu da kuntukuru, ana jin yadda makaɗi ke matse tsarkiya yana sassauta ta, ganga tana hawa tana sauka kamar mai magana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harshe mai karin sauti irin Hausa, domin kalangu yana faɗin take ne ta hanyar bin hawa da saukar murya. Idan sauti ya dushe, abin da ya rage shi ne bugu kawai, zancen gangar ya tafi. Shata kuma ya rera Bakandamiyarsa sau da dama a tsawon rayuwarsa, yana ƙari yana ragi. Wanda ya ce ya yi nazarinta, tambayar farko da ta kamace shi ita ce: wacce daga ciki?

Kusa da gida akwai Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Na lura cewa waƙoƙinsa, da na Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, sun fi jure wahalar kwafi. Murya ɗaya da abin kiɗa ɗaya ba sa cunkushe wa ƙaramar na'ura. Makaɗan ƙungiya su suka fi cutuwa, domin muryoyi biyar ko shida da ganguna uku sukan narke su zama dunƙule guda. Ke nan waƙoƙin fada, waɗanda muka fi dogara da su wajen tarihin sarauta da salsalar zuri'a, su ne lalacewar sauti ta fi yi wa ɓarna.

Ɓarnar tana da fuskoki da za a iya lissafawa. Shuu na kaset yana zaune ne a sashen sauti mai kaifi, inda ake bambance s da sh da ts, kuma da zarar kaifi ya tafi, k da ƙ sukan yi kama a kunne. Rediyo mai raunin batir yana jan zare a hankali, don haka abin da aka ɗauka da shi, idan aka saka a na'ura mai lafiya, sai murya ta sirance, kiɗa ya yi gaggawa. Mai nazarin rauji da ya dogara da irin wannan kwafi zai auna saurin da makaɗin bai taɓa yi ba. Sai kuma matsalar karin harshe. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Hausar yamma suke waƙa, kunnen Bagumale kuwa da ta gabas ya saba. Idan kalma ta zo a dushe, kunne yakan cike giɓin da kalmar da ya sani. Haka ɗalibi zai rubuta abin da ya zata, wani ya ɗauko daga kundinsa, kuskuren ji ya zama matani.

Zuwan katin memori da wayar hannu ya yalwata waƙoƙin nan fiye da kowane zamani, wannan alheri ne. Sai dai galibin abin da ke yawo an kwafo shi ne daga gajiyayyen kaset, aka matse shi a tsarin MP3 don ya yi sauƙin turawa, wani lokaci a yanke farkonsa inda mai gabatarwa ya faɗi sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar. Su kuma kaset ɗin asali suna cikin akwatuna a garuruwan da zafin bazara ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. Zare yana manne wa juna, yana tsinkewa, magada kuma suna zubarwa don ba su da abin saurarensa.

Muna da abin koyi a cikin fanninmu. Mai nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 ba ya karɓar kwafin ajami guda ya tsaya. Yakan nemi wasu, ya gwama, ya faɗi inda ya samo kowanne da hannun wanda ya kwafa. David Ames, wanda ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka kuma buga su a faya-fayai biyu cikin jerin UNESCO, ya haɗa kowace ɗauka da bayanin masu kiɗan da kayan kiɗansu. Abin da nake roƙo bai wuce wannan ba. Duk mai kawo ɗiyan waƙa a maƙala ya faɗi ɗaukar da ya saurara: faifai ce ko kaset, ta rediyo ce ko ta taro, daga taskar wace cibiya ko hannun wa ta fito, minti nawa ce. Inda bai ji kalma sosai ba, ya sa alama.

Aiki na biyu na gaggawa ne. Sassan Hausa na jami'o'inmu da Kwalejin Ilimi ta Gumel suna da ɗalibai daga kowace gunduma ta masarautar nan. Kowannensu ya san gidan da ake da akwatin kaset. A karɓo aro, a juye a na'ura mai daidaitaccen gudu zuwa tsarin WAV wanda ba ya matse sauti, a rubuta tarihin kowane kaset, a mayar wa mai shi da abinsa tare da kwafi. Kada a goge guɗa da kirarin sanƙira da sunan gyara. Makaɗan sun riga mu gidan gaskiya, ba za su sake rerawa ba, kuma mai yiwuwa mafi kyawun kwafin wata waƙar yana cikin wani akwati a Gagarawa ko Maigatari, yana jiran wanda zai tambaya.