Gida ɗaya, harshe biyu

Yaro ƙarami yana iya koyon harshe biyu a lokaci guda. Abin da yake bukata shi ne ya riƙa jin kowanne daga cikinsu kullum.

Ni malamin makaranta ne a Jiratawa. Wana ya yi aiki a Hambur, wani babban birni na ƙasar Jamus. Can ya auri Bajamushiya. Suka komo Maraɗi da ɗiyansu biyu, mace mai shekara 4 da namiji mai shekara 2.

Da suka zo, sai suka yi shawara. Uwar za ta riƙa yi wa yaran Jamusanci kaɗai a cikin gida, uban kuma ya riƙa yi musu Hausa. Innarmu ba ta ji daɗin haka ba. Ta ce: «Harshen yaran nan zai harɗe.» Da fari kuwa kamar gaskiyarta. Yarinyar takan ce: «Inna, ba ni Wasser.» Wasser shi ne ruwa da Jamusanci. Amma kafin ta kai shekara 6 ta rarrabe su sarai. Ta san wanda za ta yi wa Hausa, ta san wanda za ta yi wa Jamusanci.

Don me uwar ta nace? Hausa tana ko'ina, a kasuwa, a wurin wasa, a gidan maƙwabta. Jamusanci kuwa ba ya da wurin zama a Maraɗi sai ɗakinta. In ta daina, ya ɓace. Ga shi yaran suna da wata kaka a Jamus wadda ba ta jin Hausa. Yanzu ran Juma'a suna zuwa Jiratawa, Inna ta yi musu tatsuniya. Ran Lahadi su gaida kakarsu ta Jamus ta tarho. Ba kakar da ke neman tafinta.

Ku ma haka kuke. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, don yara su fara karatu da harshen gida kafin su shiga Faransanci. Wanda ya iya karatu da Hausa ba ya sake koyon haɗa baƙaƙe daga fari in ya zo ga Faransanci. A cikin ajina akwai masu jin Fulatanci a gida, akwai masu jin Buzanci. Nakan roƙi iyayensu kada su daina yi musu. A aji muna koyar da Hausa da Faransanci. Waɗancan harsunan kuwa, in ba a yi su a gida ba, yaran ba su da inda za su ji su kullum.

Tambayoyi
1. Don me uwar take yin Jamusanci a gida?
2. Harshe nawa ake yi a gidanku?
3. Da wane harshe kuke gaida kakanninku?