Daga Birnin Damagaram zuwa Hamburg: hanyar Dorugu da shingayen yau

Wanda ya shiga unguwar Birni ta Damagaram, ya bar fadar Sarki a bayansa, ya kutsa cikin lungunan da ke ratsa tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska, ba zai rasa wanda zai nuna masa inda Bature Abdul Karim ya sauka ba. Sunansa na yanka Heinrich Barth, mutumin Hamburg. Ya iso garin ranar 25 ga Disamba 1852, ya yi wata guda da ƴan kwanaki yana jiran kuɗi da kaya daga arewa, sa'an nan ya kama hanyar Katsina da Sakkwato har Tumbutu. Damagaram a lokacin mashiga ce ta fataken Tarabulus, baƙo kuwa abin da ake nema gare shi shi ne mai masauki da gaisuwar Sarki.

A cikin ayarin Barth akwai wani yaro da tarihi ya fi cancanta ya riƙe sunansa a nan. Shi ne Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bawa yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda ya ƴanta shi. A 1855 Barth ya tafi da shi da abokinsa Abbega zuwa London, daga nan Hamburg da Berlin. Daga baya Dorugu ya zauna Ingila wurin wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ya koma Afirka a 1864, ya rasu a Kano a 1912. Lokacin da ya taka Hamburg, babu ma ƙasa guda mai suna Jamus, sai a 1871 ta haɗe.

Hanyar arewa ba ta mutu ba. Motoci na tashi daga Damagaram su bi ta Tanut zuwa Agadas, kuma ƙasar Kance, mahaifar Dorugu, ita ce ta yi kuka a Oktoba 2013, sa'ad da ƙishirwa ta kashe mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamada kan hanyar Aljeriya. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu fita ke kaiwa Jamus. Wanda ya kai kuwa, ya samu izinin zama, sai ya tarar da wata hamada ta takardu.

Dokar Jamus ta 1913 ta ɗora zama ɗan ƙasa bisa jini: ɗan Bajamushe Bajamushe ne ko a ina aka haife shi, ɗan baƙo baƙo ne ko da cibiyarsa a Berlin aka yanke. Haka ƴaƴan Turkawa da jikokinsu suka yi shekaru aru-aru da fasfon ƙasar da ba su sani ba sai a hutu. Sai a shekarar 2000 aka sassauta: zaman da ake nema ya sauko daga shekara 15 zuwa 8, aka kuma fara ba jaririn da aka haifa a ƙasar ƴanci idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun daɗe bisa ƙa'ida. Tun 27 ga Yuni 2024 shekara 5 ta isa, ba a kuma tilasta wa mutum ya ajiye fasfonsa na asali. Nijar ma ta yarda da riƙe ƙasa biyu tun 2014. Gajeruwar hanya ta shekara 3 da aka buɗe wa waɗanda suka yi fice, ita majalisar Jamus ta rufe ta a 2025.

Sauran sharuɗɗan na nan daram. Dole mai nema ya ji Jamusanci har matakin B1, ya amsa aƙalla 17 daga tambayoyi 33 kan doka da tarihin ƙasar, ya ci da kansa da iyalinsa ba da taimakon gwamnati ba, ya biya Yuro 255, wato wajen jika 167 na sefa. Waɗannan duka mai haƙuri yana iya cika su.

Abin da ya fi ɗaure ɗan Damagaram shi ne tabbatar da ko shi wane ne. Ma'aikacin Jamus yana son rana da wata da shekara, da suna iri ɗaya a kowace takarda. Ɗan ƙauyen Mirriya ko Magariya kuwa sau da yawa ba a rubuta haihuwarsa ba sai da za a sa shi lakkol, aka je gaban alƙali da shaidu biyu, aka ƙiyasta shekarunsa, aka rubuta « né vers ». Sunan uba ya zama sunan dangi, Mahamman a wannan takarda ya koma Mamane a waccan, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya kuma yana ɗauke da wani sunan daban. A nan gida ba wanda wannan ya dama, don kowa ya san asalin kowa. A ofishin Hamburg kuwa harafi ɗaya na iya tsayar da takardun mutum watanni, alhali gyaran yana hannun wata kotu mai nisan kilomita dubbai, ɗan'uwan da za a aika ma sai ya bar gonarsa.

Akwai kuma shingen da kuɗi ko karatu ba sa ɗagawa. Tun 2019 dokar Jamus ta hana ba da ƴancin ɗan ƙasa ga mai mace fiye da ɗaya, gyaran 2024 bai ɗage wannan hanin ba. Magidancin da ya bar uwargida a unguwar Zango, ya ƙara aure bisa sunna a wata zuwa hutu, yana iya ci gaba da aiki da biyan haraji a Jamus har tsufansa, amma da katin baƙo.