Tsarabar Kifin Teku Daga Kaduna

Mai karatu, idan ka yi sammako daga Gwaska zuwa Kaduna da niyyar kwana a gida, na san da wuya ka dawo hannu rabbana. Ni tsarabata kifin ƙanƙara ce, musamman taitus, domin mu da teku akwai nisa.

Sai dai wannan kifi ba ya jure zafi. Idan ƙanƙararsa ta narke a bayan mota, ya sha rana daga Buruku har Udawa, ƙwayoyin cuta kan tara wani sinadari mai suna histamin a tsokarsa. Suya ba ta kawar da shi, dahuwa ma haka, kuma ba lallai kifin ya yi wari ba.

Shi ya sa nake saye shi a ƙarshe, in binne shi cikin ƙanƙara a kula, a dafa shi a daren. Kai ma ka yi haka.

In wani ya ci, cikin awa ɗaya fuskarsa ta ɗau zafi, ga ƙaiƙayi, ciwon kai ko gudawa, a dakatar da sauran iyali daga ci, a nemi ma'aikacin lafiya. In numfashi ya sarƙe ko leɓe ya kumbura, musamman ga mai asma, a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye.