Gudun dogon zango a jejin Tagriss: ƙarfi ma jari ne

Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a gudun dogon zango, wato tseren da nisansa ya zarce na gudun famfalaki. Shi famfalaki, wanda Nasara ke kira marato, kilomita 42 ne da mita 195, kuma galibi bisa kwalta ake yin sa. Abin da ya ɗara haka ya shiga wani aji dabam: kilomita 50, ko 100, ko 160, sau da yawa cikin daji, bisa turba, inda babu inuwa sai ta aduwa, babu ƴan kallo sai awaki.

Wanda ya fi suna a Sahara shi ne Marathon des Sables na ƙasar Maroko. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya taka kilomita 350 shi kaɗai cikin hamadar Aljeriya a 1984, sa'an nan ya kafa wannan gasa a 1986 da mutum 23. Kimanin kilomita 250 ake yi cikin mako guda, kowa na goye da abincinsa, ruwa kuma da awo ake ba shi. Duk da dukiyar da baƙi ke kashewa wajen takalma da guzuri, ɗan makiyaya ne daga yankin Zagora, Lahcen Ahansal, ya ci gasar har sau 10. Ƙasarmu ma ta ga irin waɗannan mutane: daga Nuwamban 2006 zuwa Fabrairun 2007, Ba'amurke da ɗan Kanada da ɗan Taiwan sun keta daga Senegal zuwa Bahar Maliya cikin kwana 111, kuma ta Agadas suka bi.

Irin waɗannan labaru ne suka shiga zuciyar wani malamin makaranta da aka tura aiki komin ta Tagriss, cikin gundumar Dakoro, can inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta fara. Shekarunsa sun kusa arba'in, tumbi ya fara fitowa, majo na asibitin karkara ya auna shi ya ce jininsa ya fara hawa, ya rage zama, ya riƙa motsa jiki. Sai ya fara sassarfa bayan sallar asuba. Mutanen gari suka yi ta mamaki, domin a ƙauye babba ba ya gudu sai da dalili. Wasu suka ce bashi ne ya koro shi, wasu suka ce ai in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Yara suka bi shi kwana biyu suna dariya, a na uku suka gaji.

Bayan wata takwas, da majo ya sake auna shi ya ba shi izini, sai ya ɗaura niyyar kilomita 50, wanda shi ne matakin farko na wannan aji. Babu gasa, babu alƙali, babu kyauta. Ya auna hanyarsa da salula, daga rijiya zuwa rijiya bisa burtalin shanu, ta kewayo ta dawo gari. Ya zaɓi watan Disamba, lokacin hunturu, domin a watan Afrilu irin wannan aiki neman mutuwa ne.

Babban darasin shirin, wani dattijo makiyayi ne ya ba shi a bakin rijiya, bayan ya daɗe yana kallon yadda yake haki. Ya ce masa: "Mushe, kai kullum gudu kake kamar wanda ya hango gida. Mu da ke bin dabba ba mu ƙure ƙafa da safe. Ka sha tun ƙishirwa ba ta tambaye ka ba, ka ci tun yunwa ba ta yi sallama ba. Tudu kuwa a tafiya ake hawansa." Malamin ya ce: "Baba, in na yi tafiya ai ba gudu ba ne." Dattijo ya ce: "Wanda ya isa shi ne ya yi gudu."

Likitoci ba su ce komi ba sai abin da dattijon ya faɗa. Sukarin da jiki ke ajiyewa cikin hanta da tsoka yakan ƙare wajen kilomita 30 idan ba a ci wani abu ba. Mai gudu cikin rana na iya zubar da litar gumi guda ko fiye a awa ɗaya, tare da gishirin jikinsa, kuma wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla ba gishiri yana iya faɗuwa kamar wanda bai sha ba. Shi ya sa malamin ya yi guzurin dabino da cuku da ɗan gishirin Bilma, wani abokin aikinsa kuma ya ɗaura jarka a babur yana tarar sa a kowace rijiya.

Ya tashi da ƙarfe shida. Kilomita 20 na farko sun wuce da sanyin safiya, ƙafa na roƙon a sake ta, shi kuwa yana riƙe ta kamar mai riƙe linzami. Daga nan rairayi ya fara karɓar harajinsa, ƙarangiya ta cika safa, sai ya zauna ya cire ta ɗaya bayan ɗaya kafin ta zama gyambo. Wajen kilomita 35 komi ya tsaya. Cinyoyi suka ɗaure, yatsu suka yi bororo, dabino ya ƙi haɗiyuwa, babur kuma na tsaye gefe, sirdinsa babu kowa. Abokin ya ce: "Malam, hau mu tafi, babu wanda zai sani." Ya yi shiru. Wata mata da ta zo ɗiban ruwa ta dama masa fura, ya sha a hankali, ya lasa gishiri, ya huta minti goma sha biyar. Sa'an nan ya daina tunanin kilomita 15 da suka rage, ya riƙa ƙirga itatuwa: sassarfa zuwa waccan magarya, tafiya zuwa waccan aduwa. Ya shigo gari bayan azahar, awa takwas da rabi a hanya, babu wanda ya tarbe shi sai ɗalibansa biyu da kare.

Ya kai ɗan kasuwa, wannan lissafi naka ne. Ƙarfin mutum jari ne, wanda ya kashe shi duka a cinikin safe ba zai ga tashin kasuwa ba. Da wannan tattali ne ayarin gishiri ke keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, da shi ne fatake suka riƙa kai wa Gwanja su dawo da goro. Kai kuma ma'aikaci, da kujera da babur suka raba ka da ƙafarka, ba sai ka yi kilomita 50 ba; ka je a auna ka, ka fara da biyu.

Saura magana ga hukuma. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, kokowa ta fitar da ƴaƴan manoma daga ƙauye ta sa ƙasa duka ta san sunayensu. A jejin Dakoro akwai samari masu yini bayan garke, waɗanda nisan da ya kusa kayar da malamin nan bai fi musu aikin yini guda ba. Babu wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Gasar daji ba ta bukatar fili ko siminti, ruwa take so a kan hanya, da ma'aikacin lafiya, da mai rubuta sakamako. Allah ya sa masu iko su ji.