Darasin da Aka Rubuta

Sau uku injiniyar tana gargaɗin mataimakinta na ƙirƙirarriyar basira: a PostgreSQL, gina fihirisa a kan babban tebur yana hana shigar da bayanai har sai an gama, in ba a sa CONCURRENTLY ba. Sau uku yana mantawa, domin kowace sabuwar hira daga tushe take farawa. Ranar da kuskuren ya kuɓuce mata, biyan kuɗin abokan ciniki ya tsaya cak.

Sai ta rubuta ƙa'idar a fayil ɗin SKILL.md, tsarin da Anthropic ya fitar a 2025. Mataimakin yakan karanta taƙaitaccen bayaninsa, ya buɗe sauran idan aikin ya taso. Yanzu abokan aikinta sun gaji darasin ba tare da sun sha wuyar da ta sha ba.