Yadda na mayar da ɗakina situdiyo saboda kalangun Kawu

1/ Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri. Kawuna makaɗin kalangu ne, tun kafin a haife ni yake yi wa mahauta kiɗa. Bara ya kwanta ciwo, ya tashi hannunsa na dama yana rawa. A nan na farga cewa duk duniya ba mu da kiɗansa sai wani bidiyon biki da iska ta cinye rabin sautinsa.

2/ Shata ya rasu a 1999, amma har gobe ana jin kalangunsa saboda an naɗa. Na Kawu fa? Situdiyon da na leƙa a gari, fiyano suka sani. Ɗaya ya ce min ai akwai kalangu a cikin fiyanonsa. Na yi masa sallama.

3/ Kayan da na haɗa: tsohuwar kwamfutata ta makaranta, manhajar Audacity wadda kyauta ce, da aron Focusrite Scarlett 2i2 da makirfo Shure SM57 a wajen wani ɗan ajinmu. Ya ce in na lalata, in nemi wata jami'ar.

4/ Kuskuren farko: kwalayen ƙwai. Na bi masu shayi na tara, na manna a bango, sati guda ina fama. Wallahi ba su hana komai ba, sai kyankyasai da suka samu gida. Abin da ya rage amsa-kuwwar siminti shi ne katifa biyu a tsaye, bargo a ƙofa, darduma a ƙasa, sai durowar kaya da na bari a buɗe.

5/ Wannan gyaran cikin ɗaki ne kawai. Ƙarar waje tana nan: janareton maƙwabta, adaidaita sahu, akuyar Inna. Sai dai ka zaɓi lokaci. Namu ƙarfe 10 na safe ne, yara suna makaranta. Fanka a kashe, gumi kamar an watsa mana ruwa.

6/ Akwai wani gurnani da ya hana ni barci kwana biyu. Ashe daga wutar gida yake, wadda ke kan 50Hz. Ina zare cajar kwamfuta ya ɗauke. Tun daga nan da batir muke ɗauka.

7/ Kalangu ba ya zama wuri guda. Yana rataye a kafaɗa, makaɗi na matse tsirkiya a hammata don murya ta hau ko ta sauka, jiki kuma na juyawa. Da na manna makirfo a bakin fata, bugu ɗaya ja ta kama, na biyu ya ɓace. Na ja shi baya kamar taƙi biyu, na rage ƙarfi har bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 dB.

8/ Duk an shirya, Kawu ya yi minti uku ya ajiye. Ya ce, “Kai yaro, wa zan yi wa? Katifa?” Ya ce kalangu magana yake yi, shi kuma bai saba magana shi kaɗai ba.

9/ Na je na roƙi Inna. Ita da ba ta son ma a tuna cewa gidan makaɗa ta fito, Baba ma bai san me muke yi ba. Ta shigo da mayafinta ta zauna a bakin gado, ta ce minti biyar.

10/ Kawu ya dube ta, ya saki taken mahaifinsu. Hannun nan bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Minti 19 muka ɗauka. Wajen minti na 11 akwai shessheƙar Inna, na san yadda ake yankewa, ban yanke ba.

11/ Na ajiye a filashi, na ɗora a Google Drive, na tura wa yayata a Zariya. Kawu ya ce saura take bakwai, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai kayan kuma yana son abinsa ranar Litinin. In akwai mai makirfo na biyu da zai ara min a Kano, ya yi min magana.