Cibiyar da ba ta yi mugunya ba

Yawancinmu in muka ga ciwo ya taru da mugunya sai hankali ya tashi, in ya bushe kuma mu ce Alhamdulillah. Da wannan tunanin na fara aikin likita, kuma shi ya sa na yi wa wani jariri kuskuren da har yau yake damuna.

An kawo shi ya haura wata guda igiyar cibiyarsa ba ta faɗi ba, alhali galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu take faɗuwa. Gefen cibiyar ya yi ja, ya kumbura, amma ko ɗigon mugunya babu. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa ƙwarai. Na ce wa uwar, "Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, jikinsa yana faɗa da cutar sosai." Na rubuta magani na sallame su.

Suka dawo da zazzaɓi, ciwon ya ƙara faɗi. Babbar likitar yara ta duba takardun, ta dube ni ta ce, "Likita, duk wannan yawan nasu a cikin jini, me ya hana su isa wurin ciwon?" Ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Farar ƙwayar jinin da ake kira nutrofil cikin jini take yawo, ciwo kuwa a nama yake, sai ta fita daga jijiya kafin ta yi aiki. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, ƙwayoyin garkuwa da ke wurin suna sakin sinadaran saƙo irin su TNF da IL-1. Bangon jijiya ya amsa, ya fito da silektin, wanda ke ɗan kama nutrofil yana saki, sai ta rage gudu tana mirginawa. Nan take cin karo da wani saƙon, IL-8, wanda ke sa wani abin riƙewa da ke lanƙwashe a jikinta, mai suna intagirin, ya miƙe ya cafki ICAM-1 na bangon. Sai ta tsaya cak, kamar kwale-kwalen da aka ɗaure a gaɓa, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ta nufi ciwon. Mugunya kuwa mafi yawanta gawarwakin waɗannan ƙwayoyin ne.

Jaririn nan ba shi da CD18, wani sashe na intagirin ɗin. Saƙo yana isa, ƙwayoyin suna ji, amma ba su da abin riƙewa, sai su yi ta taruwa a jini. Abin da na ɗauka alamar ƙarfi, shi ne ainihin cutar. Likitoci a Ingila sun bayyana ta a 1979, ana kiranta LAD-1. Ba ta da yawa, gado ce daga uwa da uba duka, shi ya sa ta fi fitowa a auren zumunci. Iyayen yaron ’ya’yan wa da ƙani ne, kuma ban tambaya ba.

Sai da na koma na gaya wa uwar cewa maganata ta farko ba daidai ba ce, kuma jinkirin daga gare ni ne. Aka tura su asibitin koyarwa, aka ɗora shi kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, aka yi musu bayanin dashen ɓargo, wanda shi ne ke warkar da mai tsananin. Yanzu duk jaririn da cibiyarsa ta wuce mako uku ba ta faɗi ba, nakan tambayi dangantakar iyaye, da ko sun taɓa rasa yaro a jarirantaka.